Allurar Motar Baba

Motar da Baba ya saya a hannun wani Baturen kuza ba sabuwa ba ce, amma ita ce mota ta farko da ta taɓa kwana a ƙofar gidanmu a unguwar Rikkos, cikin Jos. Baba tela ne. Ya daɗe yana ɗinka wa Baturen nan kakin masu gadinsa da labulen gidansa, da zai koma ƙasarsu sai ya sayar masa da ita. Ruwan toka ce, kujerunta sun fara tsagewa a gefe, cikinta kuma warin taba da na kare. Inna ta daɗe tana turara ta da turaren wuta kafin ta yarda ta shiga. Ina aji shida a firamare a shekarar.

Akwai wani ɗan agogo a gefen sitiyari wanda ba da shi aka ƙera motar ba. Baturen ne ya ɗaura shi da kansa, da kusoshi biyu waɗanda ba iri ɗaya ba. Girmansa bai wuce marfin gwangwanin madara ba. An raba fuskarsa uku, ja a hagu, rawaya a tsakiya, kore a dama, da wata siririyar farar allura da ke yawo a kansu. Wani ɗan baƙin tiyo ya fita ta bayansa ya shige cikin inji. Ranar da aka miƙa makulli, Baturen ya ƙwanƙwasa gilashin da farce, ya ce wa Baba da irin Hausarsa, "Allura kore, mota ba shan mai. Allura ja, mota shan mai ƙwarai." Baba ya haddace wannan magana. Duk wanda ya zo ganin mota sai ya maimaita masa ita, har da muryar Baturen.

Agogon da ke nuna yawan man da ke cikin tanki kuwa, a mace muka same shi. Don haka Baba ya samo doguwar tsumagiya, ya gwada ta da tef ɗinsa na ɗinki, ya yi mata tsaga-tsaga da reza. Kullum da safe sai ya buɗe tanki ya zura ta, ya zaro, ya ɗaga sama yana duba inda jiƙa ta tsaya.

Baba bai iya tuƙi ba lokacin da ya sayi motar. Ƙaninsa ne ya koya masa, wanda muke kira Baffa. Baffa ya zo daga ƙauyenmu da ke ta hanyar Bauchi, ya yi yaron mota a wata babbar motar dankali har ya samu lasin. Ba shi da motar da zai tuƙa sai ta Baba, ba shi da ɗakin da zai kwana sai na zaurenmu. Shi ke kai mu makaranta da safe, ni da ƙannena, sannan ya kai ɗinki Daɗin Kowa da Bukur, ya ɗauko yadi a kasuwa, ya dawo da motar shago kafin azahar. Daga nan har washegari motar ta Baba ce.

Sunan kakata aka sa mini, mahaifiyarsu su biyun, wadda ta rasu kafin a haife ni. Saboda haka babu wanda ke kiran sunana a cikinsu. Baba yana ce mini Uwata. Baffa kuwa Tsohuwa yake ce mini, in na shiga mota ya tambaye ni yaya ciwon gwiwa. Ban taɓa iya ba shi amsa ba. Ni ba mai magana ba ce, a gida ko a makaranta. Wurina a motar shi ne kujerar baya, daidai tsakiya, inda nake hango allurar ta tsakanin kafaɗun na gaba.

A shekarun nan mai yakan ɓace a gari. Sai a wayi gari motoci sun yi layi daga gidan mai na Titin Bauchi har ido bai ganin ƙarshensu. Baba da kansa yake shiga layin, don akwai wani mai ba da mai da ya taɓa ɗinka wa kayan aure. Duk yinin da ya yi a layi, keken ɗinkinsa a rufe yake, masu kaya suna zuwa suna komawa. Shi ya sa da tsumagiya ta fara fitowa da jiƙa kaɗan tun kafin lokacin da ya zata, fuskarsa ta sauya.

"Wannan mota ba ta shan mai," ya ce wa Inna. "Ni na san yadda nake tuƙa ta. Allurar nan ba ta barin kore a hannuna. To ina man yake zuwa?"

"Ƙila rana ke shanye shi, Malam," in ji Inna.

"Wace rana a Jos?"

Da farko ya zargi mai ba da man. Ya riƙa fitowa yana tsayawa a kansa, idonsa a kan famfo. Bai ga komai ba. Sai ya ce tankin ne ke yoyo, ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar. Da safe kwalin ya fito da ɗigon baƙin mai guda da sawun kaji. Daga nan ya fara kallon maƙwabcinmu, wani Ibo mai tireda da ke da babur. Mutumin bai san ana kallonsa ba. Shi damuwarsa daban ce. Wata safiya ya leƙo da tawul a wuya ya ce, "Oga tela, wannan motarka yana kuka tun asuba. Ka kashe shi mana, madam nawa yana barci."

Baba ya ce, "Ɗumama ta nake yi. Ba ta son sanyi."

"Ni ma ba na son sanyi, amma ba na ihu."

A wajensa Baba ya sayi ƙaramin kwaɗon da ya sa wa marfin tanki, yana kallon cikin idonsa lokacin da yake gwada makullin. Kwaɗo ya shiga, amma mai bai daina tafiya ba. Makullin kwaɗon kuwa a zobe ɗaya yake da na motar. Irin wannan zobe biyu ne kacal, ɗaya a hannun Baba, ɗaya a hannun Baffa.

Wata yamma ina wanke kwanuka Baba ya kira ni ɗakinsa. Ya sa na zauna a kan tabarma, ya rage murya.

"Uwata, ke idonki ba ya barin abu ya wuce. In Baffanki ya ɗauke ku da safe, ki riƙa duba mini allurar nan. In ta shiga ja, ki faɗa mini. In ya tsaya wani wuri, ki faɗa mini. Ba sai kowa ya sani ba."

Na ce to. Ban san akwai wata amsa ba. Har na ji wani daɗi a raina, don ba a taɓa ba ni aikin da ya dace da ni haka ba.

Abin da na gani ban ji daɗinsa ba. Baffa yana tuƙi da hannu ɗaya, yana sauya giya da wuri, motar tana tafiya shiru kamar ba ta taɓa ƙasa. Amma duk sanda ya taka totur sai allurar ta faɗa rawaya, a hawa kuma ta nutse cikin ja ta zauna. Garinmu kuwa hawa ne da gangara. Ina zaune da jakata a cinya, ina roƙon allurar a zuciyata ta koma. Baffa yana leƙo ni ta madubi yana cewa, "Tsohuwa, yau ba ki ci goro ba ne? Fuskar nan ta yi tsami."

Da yamma Baba zai tambaye ni, "Yaya?"

"Ta shiga ja."

"Sau da yawa?"

"A hawan makaranta. Da wajen gada. Da lokacin da ya wuce wata tipa."

Sai ya gyaɗa kai a hankali, kamar mai auna yadi ya ga ya gaza.

Tuƙin Baba daban ne. Ya gano cewa in ya bar motar a giya ta biyu ya ɗora ƙafarsa kaɗan, allurar ba ta barin kore. Haka yake tafiya ko'ina, inji yana kururuwa, masu keke suna wuce mu. Baffa yakan riƙe kai ya ce, "Yaya, ka ba ta giya, kuka take yi." Baba ya nuna agogon da haɓa ya ce, "Ita ba ta ce tana kuka ba." Kuma Baba bai yarda da kashe mota ba, don tsoron kada ta ƙi tashi a gaban mutane. Da asuba yakan tayar da ita ya bar ta tana ɗumi har ya sha koko ya karanta abin da zai karanta. Da la'asar a cikinta yake jin labarai a rediyo, inji a kunne don kada batir ya mutu. In ya haɗu da wanda ya sani a hanya, kuma Baba ya san rabin Titin Bauchi, sai ya gangara gefe ya sauke gilashi a gaisa, a tambayi gida da yara da kasuwa da mai jiki, motar tana rawa a ƙarƙashinmu. Ko a layin mai ba ya kashe ta. Duk wannan lokaci allurar tana can cikin kore, ba ta ko motsi.

Sai wata safiya Baffa ya sunkuyo zai rufe mini ƙofa, na ji warin fetur a bakinsa. Ba a hannunsa ba, a numfashinsa. Yana taunar namijin goro, abin da ban saba ganinsa da shi ba. Na taɓa ganin yadda direbobi ke zuƙo mai daga tanki da tiyo, su tofar da na farko. Duk yinin nan a aji ban ji abin da malama ta ce ba. Na yi niyyar in yi shiru. Amma da Baba ya ji labarin allura ya tsaya yana kallona ya ce, "Sai me kuma, Uwata?" sai maganar ta fito da kanta.

Bayan magariba ya kira Baffa zaure. Ina bayan ƙofa da tsintsiya a hannu.

"Me ya kai fetur bakinka?"

Baffa ya ce, "Datti ne ya toshe tiyon kafireta, Yaya. Na zuƙe shi."

"Ka zama bakanike kuma?"

"Yaya, ni kake zargi?"

"Ni ban ce komai ba. Allura ta ce ƙafarka da nauyi. Tsumagiya ta ce mai yana tafiya. Bakinka kuma ya faɗi saura. Ba ni makulli."

Na ji ƙarar zoben a kan siminti. Ba miƙawa ya yi ba, ajiyewa ya yi. Baba ya ce damina ta kama, kawunsu yana neman hannu a gona, zaman Jos ba dole ba ne. Motar ƙauyenmu ranar Asabar kawai take lodi a tasha. Ya ce Baffa ya gama sallama da mutane, ba wannan Asabar ba, ta sama.

Baffa bai taɓa tambayar wa ya kai maganar ba. Da safe ya same ni a bakin rijiya ya ce, "Tsohuwa, ina kwana," kamar kullum, amma bai tambayi gwiwa ba. Inna, wadda ta saba tsokanarsa da "direban Bature" tana hana shi ƙosai sai ya roƙa, ta koma zuba masa ba tare da wasa ba. Ya riƙa yini a kan benci a gaban tiredar maƙwabcinmu, yana kallon Baba yana fita da motar da baya, kafaɗunsa suna ɗagawa duk sanda giya ta yi ƙara.

Washegarin karɓar makulli Baba ya yi layi ya samo mai. Ya dawo ya jingine tsumagiya a cikin but ya ce wa Inna, yadda na zaure zai ji, "Ba sauran awo. Yanzu za ku ga mai ya yi albarka."

Shi ya koma kai mu makaranta, kullum a makare. Ba wanda ya ce in ci gaba da duba allurar, amma idona ya riga ya saba. A kwanakin nan ne na fara zarginta. Na lura cewa da sassafe, kafin a tayar da motar, allurar tana kwance ne a can ƙarshen ja. Na daɗe ina ganin haka, na ɗauka wurin barcinta ne. Amma motar da ke kashe ai ba ta shan komai. Na lura kuma cewa in muna gangara sai ta gudu ƙarshen kore, in muna hawa ta dawo, ko wa ke tuƙi. Na fara tunanin ko ba mai take gani ba, ƙafar direba kawai take gani. Tana iya cewa an taka ko ba a taka ba. Ba ta san ko muna tafiya ko muna tsaye ba. Ba ta san tun yaushe inji ke kunne ba.

Amma sai in tuna warin nan da namijin goro, in ji komai ya sake rikicewa. In allura ba ta da gaskiya, shi ke nan Baffa yana da ita? Na kalli Baffa ina zarginsa, na kalli agogon ina zarginsa, har tsumagiyar na fara tunanin ko a karkace Baba ke zura ta.

Na gwada faɗa wa Inna tana tankaɗe. Ta saurare ni har ƙarshe ta ce, "Ni ban san kan allurarku ba, sai ta ɗinki. In kina da magana, ga ɗakinsa can. Ke yake kira uwarsa, ba ni ba." Na je ƙofar ɗakin na dawo ba sau ɗaya ba. In na ji tarinsa sai ƙafata ta juya.

Ranar Asabar ɗin aka tashi da yayyafi da sanyi. Baffa ya ɗaure kayansa a jaka ɗaya, ya ce zai taka zuwa tasha. Baba ya ce a'a, kada a ce ya kori ƙaninsa a ƙafa, shi zai kai shi. Ya tayar da motar tun da duhun safe ya bar ta tana ɗumi, ya fi na kullum daɗewa, don ya tsaya yi wa Baffa nasiha a kan gona da haƙuri. Inna ta ƙulla dankali da ƙuli-ƙuli a tsumma, ta ɗora mini a cinya ta ce in raka su. Da Baffa ya durƙusa yi mata sallama ta ce, "Tashi, direban Bature, kada ka sa ni kuka da safe."

Muka kama hanya. Baffa yana gaba, hannuwansa a tsakanin gwiwoyi. Muna cikin giya ta biyu har muka hau Titin Bauchi. Ana hango rumfunan tasha ke nan sai Baba ya ga wani Alhaji mai sayar da yadi tsaye a gaban shagonsa, wanda aka yi wa rasuwa a ƙauye bai samu ya yi masa gaisuwa ba. Ya gangara gefe ya sauke gilashi.

"Alhaji, ashe haƙuri ya same mu."

"Wallahi, Malam. Sai haƙuri."

"Allah ya jiƙanta. Ta daɗe tana jinya?"

Alhajin ya dafa rufin motar ya fara daga farkon ciwon. Aka je asibiti, aka dawo, aka gwada na gida. Aka yi addu'a aka shafa. Sannan aka shiga tsadar shadda. Baffa ya dubi tasha, ya dubi hannunsa. Ni kuwa allurar nake kallo. Tana kwance cikin kore abinta, motar tana kaɗa ƙullin da ke cinyata.

Sai na ga allurar ta yi rawa. Ta koma, ta sake rawa. Injin ya yi tari, ya ja numfashi, ya sake tari, ya yi shiru. Allurar ta sulale a hankali, ta wuce rawaya, ta kwanta a ƙarshen ja. Na ji ɗigon yayyafi a kan rufi.

Baba ya murɗa makulli. Ta yi gurnani ba ta tashi ba. Ya sake, ya sake.

"Yaya, bari haka, batir zai mutu," in ji Baffa. Ya fita ya ɗauko tsumagiya a but, ya tsaya a bakin tanki. Sai da Baba ya fito da kansa ya buɗe kwaɗon. Baffa ya zura, ya zaro, ya miƙa masa ba tare da ya duba ba. A bushe take har ƙasa.

Baba ya juya ta a hannunsa. Ya shinshina bakinta. Ya dubi kwaɗon, ya dubi zoben makullin da bai bar aljihunsa ba tun daren nan. Ya ce, ba da kowa ba, "To wa ya sha?"

Gilashin baya a sauke yake. Ban shirya ba, na dai ji muryata.

"Baba, yanzu tana cikin ja."

"Na gani, Uwata."

"Amma yanzu ba ta shan komai." Na kalli ƙullin dankali na ƙarasa. "Ɗazu da muke tsaye tana kore. Tana kore har man ya ƙare. Kullum in muna tsaye kore take."

Alhajin ya leƙo ya dubi agogon, ya dube ni, ya yi dariya. "Malam, ashe yarinyar nan tana magana?"

Baba bai yi dariya ba. Ya sunkuya ta taga ya daɗe yana kallon allurar. Ya ƙwanƙwasa gilashin da farce kamar yadda Baturen ya yi. Ba ta motsa ba. Ina ganin gefen fuskarsa, ina ganin yana lissafa safiyoyin nan da labaran la'asar da gaishe-gaishe.

Baffa ya zaro jakarsa ya rataya. Daga inda muke ana jin ɗan kamasho yana kiran sunan ƙauyenmu, yana cewa saura mutum biyu. Ya zo taga ya miƙo hannu in ba shi ƙullin Inna. Ban hana shi ba, amma ban saki ƙullin ba. Muka tsaya haka, kowa riƙe da gefe ɗaya.

"Tsohuwa, mota za ta tashi," ya ce a hankali.

Baba ya miƙe tsaye. Ya gyara hularsa. Bai kalli Baffa ba, titi yake kallo.

"Kai, a tsakiyar hanya za ka bar ni da mota da yarinya? Mayar da jakar nan cikin but. Akwai galan a ciki."

"Yaya, in na shiga layin galan, motar gida ta tafi."

"Na ce maka ban sani ba ne?"

Baffa ya dubi tasha. Sannan ya saki ƙullin, ya buɗe but. Sai da aka fara tura motar gefe sosai, saboda ta riga ta tare ƙofar shagon Alhaji. Baba ya ce shi bai iya juya sitiyarin motar da ba ta da rai ba, Baffa ya shiga. Baba kuma ya naɗe hannun rigarsa ya koma baya, shi da Alhaji da wani mai lemo, suka tura. Ina ciki ina jin nishin Baba ta gilashin baya. Muna nan motar ƙauyenmu ta fito daga tasha, kaya har sama, ta wuce mu. Baffa bai juya ya kalle ta ba.

Rana ta yi tsaka kafin ya dawo da galan. Ya zuba, ya buɗe bonet, ya cire ɗan tiyon kafireta ya zuƙa har mai ya zo, ya tofar. Da ya shigo na ji warin nan a bakinsa, irin na rannan sak. Baba ma ya ji, na ga hancinsa ya motsa. Ya zauna a kujerar gefe, ya sa hannu a aljihu ya ɗauko goro ya ɓara ya miƙa masa rabi. Makulli yana jikin motar, Baffa ya murɗa. Har muka isa gida allurar tana shiga ja tana fita, Baba yana kallon waje.

Inna ta gan mu mu uku ba ta tambayi komai ba. Ta karɓi ƙullinta ta ce, "Direban Bature, ka dawo cin ƙosaina ke nan." A daren muka ci dankalin.

Baba bai taɓa cewa allurar ta yi ƙarya ba. Abin da yake faɗa wa mutane shi ne an yi ta ne don ƙasar Turawa, inda ba a tsayawa gaisuwa. Bai cire ta ba. Ya ɗinka mata 'yar hula da ragowar kaki, da roba a baki, ya rufe ta. Ya koyi kashe mota in zai yi ta'aziyya, ko da yake a gaisuwar yau da kullum yakan manta. Asabar ta zagayo ba wanda ya yi zancen tasha. Jakar Baffa ta daɗe a ɗaure a kusurwar zaure kafin ya kwance ta.

Tsumagiya dai ta dawo aiki. Duk sanda Baffa ya dawo da motar shago, Baba yakan fita ya zura ta, Baffa yana tsaye yana kallon sama. Ni ma ban taɓa sanin tabbas ko datti ne kawai ya zuƙa a safiyar nan ba, kuma ban tambaya ba. Baba bai sake kirana ɗakinsa ya ce "Yaya?" ba.

Wata safiya a hawan makaranta, ƙannena suna faɗa a kan alli, na miƙa hannu ta tsakanin kujeru na ɗaga 'yar hular kaɗan. Allurar tana cikin ja. Baffa ya kalle ni ta madubi, ya sa yatsa ɗaya ya mai da hular.

"Bar ta ta yi barci, Tsohuwa," ya ce. "Yaya gwiwar?"